Taƙaitawar Tattaunawarmu Kan Zuba Siminti A Ƙashin Baya

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da 'yan'uwa na Garwa, Marwa da Njamena suka yi kan aikin da likitoci ke yi na zuba simintin asibiti a gaɓar bayan tsofaffin da ƙashinsu ya zaizaye har gaɓar ta burma.

1. Kowa ya yarda cewa matsalar da ta fi yawa ita ce yoyon siminti, domin da allura ake tura shi yana ruwa-ruwa kafin ya daskare. Galibi yoyon ba ya cutarwa, amma idan ya shiga ramin laka yana iya danne jijiya, ƙafa ta mutu, idan kuma ya bi hanyar jini yakan kai huhu. Saboda haka duk wanda numfashi ya yi masa wuya bayan aikin a mayar da shi asibiti nan take.

2. An dage kan ɗaukar hoto tukuna, don tarin fuka na ƙashin baya yana kama da wannan karaya, kuma ba a zuba siminti inda ƙwayar cuta take.

3. A kan ko aikin yana rage zafi, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ba da labarin iyayen da suka tashi zaune washegari, wasu kuwa suka tuna gwaje-gwaje biyu na 2009 da ba su nuna aikin ya fi na bogi, wanda ba a zuba siminti a cikinsa, ba. Ni dai na fi karkata ga a fara da maganin zafi da ɗamarar baya.

4. Ba a daidaita ba kan ko siminti ne ke karya gaɓar da ke maƙwabtaka, amma an amince cewa ba ya warkar da zaizayar ƙashin, sai an ci gaba da magani.