Daga Tuwo Zuwa ATP: Musayar Baitoci Kan Numfashin Ƙwayar Halitta

Malamin sakandare:
Da sunan Allah zan buɗe fage,
Kan tuwon da ke ba jiki ƙarfin motsawa.
Hanji ya narka shi ya zam gulukos,
Jini ya kai, ƙwayoyin halitta na karɓawa.
Kabon shida gare shi, cikin ruwan ƙwaya
Mataki goma ake bi wurin tsagawa.
ATP, kuɗin ƙarfin ƙwaya, biyu ake zubawa jari,
Huɗu su fito, biyu riba ake ƙirgawa.
Fairubet biyu, kowa da kabon uku,
Da NADH biyu, 'yan dakon elektron, nan zan yi tsayawa.
Har nan ba a nemi oksijin ba,
Malama, fage naki ne, sai ɗorawa.

Malamar jami'a:
Na karɓa, Malam, sannu da ƙoƙari,
Maitokondiriya, gidan wutar ƙwaya, fairubet ke shigewa.
A bakin ƙofa a cire masa kabon guda,
Ba bitamin B1, ƙofar ba ta buɗewa.
Mai rayuwa kan gogaggiyar shinkafa zalla,
Jijiya da zuciya su ke fara gazawa.
Sai zagayen da Hans Krebs na Sheffield
A 1937 ya yi wa duniya bayyanawa.
Gulukos guda, zagaye biyu cur,
ATP biyu tak a nan ake samowa.
Amma NADH shida, FADH2 biyu,
Su ne 'yan dako, elektron suke ɗaukowa.
Kabon nan shida duk sun zama iska,
Ita ce huhu dare da rana ke fitarwa.

Mai harhaɗa magunguna:
Yaya, kin bar mini gun da ribar take,
Fatar ciki ta maitokondiriya mai naɗewa.
Tasha huɗu ne kan hanyar elektron,
Uku cikinsu furoton suke turawa.
Su taru a ƙetare tamkar ruwan Kainji,
Su kwararo, injin ATP na juyawa.
Peter Mitchell ya faɗa a 1961,
Kyautar Nobel a 1978 ta yi tabbatarwa.
Oksijin can ƙarshen layi yake jira,
Ya karɓi elektron, ruwa ke haifuwa.
Haɗa lissafi, 30 zuwa 32,
Sauran ƙarfin ɗumi ne, jiki na ɗumamawa.

Malamin sakandare:
Tsaya ƙanena, littafin ajinmu 38 ya ce,
Ina shidan da kake zaftarewa?

Mai harhaɗa magunguna:
Tsohon ƙiyasi ne, Malam, a gafarce ni,
Uku-uku NADH da can ake ba wa.
Biyu da rabi aka gano da aka auna,
FADH2 ɗaya da rabi yake bayarwa.
Shigar da kaya ciki ma da kuɗin fito,
Wasu furoton kuma suna zurarewa.

Likita:
Madalla da ku, ni ɓarnar zan faɗa,
Don ita ce asibiti ake kawowa.
Tsoka in ta yi gudu iska ta gaza mata,
Laktet take yi, ribar biyu take tsirawa.
Hanta ta mai da shi gulukos daga baya,
Wannan da hutu kaɗan yake warwarewa.
Rogo mai ɗaci shi ne abin tsoro,
Sayanaid ɗinsa tasha ta huɗu yake toshewa.
Ga oksijin cike da jini, ba mai karɓa,
Ƙwaƙwalwa da zuciya ke fara sarewa.
A fere shi, a jiƙa kwana uku zuwa biyar,
A zubar da ruwan, a shanya har bushewa.
Janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki,
Iskarsu ba wari, ba launin ganewa.
Ta fi oksijin kama jini sau 200,
Ciwon kai da jiri ne ke fara nunawa.
A fito da mutum sarari, a buɗe tagogi,
Asibiti a sa masa oksijin ba jinkirtawa.