Hayar Kubwa ta fi ƙarfina: in kai iyali Jos ko in daure?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum. Ina haya a Kubwa da ke Abuja, ɗaki biyu da falo, naira miliyan 1.4 a shekara. Mai gidan ya aiko takarda cewa idan hayar ta ƙare nan da wata uku, sabon kuɗi miliyan 2.3 ne. Albashina 320,000, aikina a Wuse, kamfanin kuma ba shi da reshe a Jos. Yara uku, biyu suna firamare, uwarsu tela ce. Ina tunanin in kai su Jos kusa da iyayenta a Rikkos, ni in kama ɗaki ɗaya a nan, ina leƙa su duk sati biyu. Mararaba da Masaka na cire su saboda hanya. Wanda ya san kan abin ya nuna min inda lissafin zai iya ɓaci.

Ɗan Masaka:
Wa alaikumus salam. Malam, ka dawo Masaka kawai. Da 800,000 za ka samu ɗaki biyu da falo mai tayil, har da rijiya a tsakar gida. Sharaɗin ɗaya ne, kana sallame Asuba ka kama hanya, don idan shida ta yi maka kafin Nyanya, cunkoson motoci daga Kugbo zuwa shataletalen AYA sai dai haƙuri.

Mai Lissafi:
Ɗan Masaka, ai mutumin ya ce ban da Masaka. Baban Khadija, ɗauko biro. Miliyan 2.3 a raba gida 12, kusan 192,000 ke nan duk wata, wajen kashi 60 na albashinka. Wannan ba ya ɗorewa, tunda abin da ake so kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Amma raba gida biyu ma yana da nasa ramin. A ce gidan Jos 700,000, ɗakinka a Dutse Alhaji ko Dei-Dei 450,000. Mota zuwa Jos a ɗauka 13,000 tafiya ɗaya, sau huɗu a wata 52,000, a shekara 624,000. Jimla miliyan 1.774. Rarar da ta rage 526,000 ce, ga tukunya biyu, katin wuta biyu, gas biyu. A shekarar farko kuwa akwai la'adar dillali kashi 10 da kuɗin lauya kashi 10 a gidajen biyu, wato 230,000, sai kuɗin koshin (ajiyar da ake bai wa mai gida saboda ɓarna), motar kaya, da rajistar sabuwar makaranta da yunifom. Shekarar farko ba za ka ga ko sisi ba. Ribar sai a ta biyu, in mai gidan Jos bai ƙara ba.

Hajiyar Rikkos:
Ƙanena, ba a kama gida a Jos ta waya. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, zama ya rabu unguwa-unguwa, kuma kowa ya san haka. Iyalinka za su fi sakewa a Rikkos, Gangare, Anguwan Rogo, Ali Kazaure ko Bauchi Road. To waɗannan unguwannin sun cika, shi ya sa gida mai kyau ba ya kwana. Fulat mai ɗaki biyu daga 600,000 zuwa 800,000 yake. Abin da za ka fara tambaya shi ne ruwa. Ƙasar dutse ce, rijiyoyi da yawa suna ja da baya daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai a koma ga 'yan ga-ruwa. Ka tambayi masu hayar da ke ciki, ban da mai gidan. Ka duba ko mitar kati ce, in tsohuwar mita ce a nuna maka takardar ƙarshe ta JED, kamfanin wutar Jos, kada ka gaji bashin wani. Ka duba tagogi suna rufuwa gam, da silin, domin sanyin Disamba da Janairu yana kwantar da yaran da suka saba da zafin Abuja. Sauƙin da babu gardama a kansa shi ne cefane. Tumatir, kabeji da karas a Farin Gada, dankalin Bokkos da Mangu, hatsi a Katako, duk ba a haɗa su da farashin kasuwar Kubwa.

Ɗan Bauchi Road:
Hajiya, wannan farashin na bara waccan ne. Yanzu fulat mai ruwa da katanga a Rikkos, inda mota ke shiga har ƙofa, ba ya kasa miliyan 1. Na 600,000 gidan haɗaka ne, banɗaki a waje.

Hajiyar Rikkos:
Yaro, a kan titi kake tambaya. Ka shiga layi na biyu da na uku ka ji.

Bakano:
Ni dai tambayata ɗaya, Baban Khadija ya shirya wankan Asuba a Jos da hunturu? Kada ya je hutun kwana biyu ya dawo ofis da taimama.

Lauya Ne:
Kafin a kai ga Jos, a tsaya a kan takardar. Malam, ɗauko yarjejeniyar hayarka ka karanta. A dokar Abuja, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan kotu, sai dai in yarjejeniyar ta faɗi wani wa'adi daban. In kuwa an rubuta shekara ɗaya ce tak daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar na cika ta ƙare da kanta, saura notis na kwana bakwai da kotu. Ko ta yaya, mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, yanke wuta ko watso kaya waje. Amma kada a yaudare ka, babu dokar da ta ƙayyade masa kuɗin da zai sa, kuma duk watan da ka ƙara bayan wa'adi za ka biya. Ƙudirin biyan haya wata-wata da Sanata Smart Adeyemi ya kai majalisa a 2022 bai zama doka ba. Shawarata, ka rubuta masa amsa, ka yi tayin miliyan 1.8 a biya biyu. Gidan da ya zauna wata uku babu kowa, ga fenti ga gyaran famfo, asara ce a wurinsa, kuma ya sani.

Maman Biyu:
Ku bar maganar doka, talaka ba shi da ita a garin nan. Yayana haya ce ta ishe shi, ya sayar da motarsa da gonar gado, ya sayi fegi a wani ƙauye ta hanyar filin jirgi. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu huɗu, rasit da hatimi. Ya gina ɗaki uku, ya tare da iyali ko filasta ba a yi ba. Ba a rufa shekara biyu ba aka zo aka shafa jan fenti a bango. Suka yi ta zarya, wanda ya sayar ya kashe waya. Ranar da motar rusau ta zo matarsa tana tsaka da girki, abin da aka iya ɓallewa ƙofofi ne da tagogi, kwanon rufin duk ya lanƙwashe a ƙarƙashin bulo. Ko kwabo ba a ba shi ba, wai filin na wani kamfanin gidaje ne tun tuni. Yau yana ɗaki ɗaya a Madalla da yara biyar, hawan jini ya kama shi. Duk wanda zai iya barin Abuja ya bar ta.

Injiniya:
Allah ya mayar masa da alheri. Abin da ya ci shi ke nan, a Abuja ministan birnin ne kaɗai ke ba da fili, takardar mai unguwa ko hakimi ba ta tsayawa. Kafin a biya ko kafin alƙalami, a karɓi kwafin takardar filin a kai AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, a yi bincike, a ga sunan wa ke kai, kuma an ware shi don gida ne ko hanya. Sannan safiyo ya je ya tabbatar duwatsun iyaka sun dace da lambar da ke takarda. A Nasarawa NAGIS ce, a Filato PLAGIS. Mai albashin da ake cire wa kashi 2.5 na asusun gidaje kuma yana iya neman rancen Federal Mortgage Bank, bankin tarayya mai ba da rancen gidaje, amma shi ma sai da sahihiyar takarda.

Maman Biyu:
Injiniya, mutum nawa ne suka san wannan? Shi wanda ya sayar yana nan yana yawo, ya sayar wa wasu ma.

Ɗan Masaka:
Shi ya sa na ce Masaka. Nan Nasarawa ce, fegi na da sauƙi.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai. Amma ni ba fili zan saya ba. Ina so in ji batun ɗinkin maiɗakina a Jos, da kuɗin motar kaya.

Tsohon Dillali:
Motar kaya daga Kubwa zuwa Jos ka tanadi 250,000 zuwa 300,000. Ka nemi wadda ta kawo kayan gwari Abuja za ta koma wayam, ta fi araha nesa ba kusa ba. A yi lodi da dare, a tashi da sassafe, ta Keffi da Akwanga, a haye Hawan Kibo da rana tsaka, kada dare ya yi muku a hanya. A kwance kan keken ɗinki a naɗe shi da bargo, firji a tsaye, kuma kada a kunna shi sai ya huta awanni. Amma ni da za ka ji tawa, Zuba ko Suleja za ka duba, iyali a wuri ɗaya ya fi.

Ɗan Bauchi Road:
300,000? Da tsadar fetur, tun cire tallafin mai a 2023, babu direban da zai taɓa ta ƙasa da 400,000. Kuma Baba, da girmanka, shawarar dillali a kan haya ai kamar a tambayi mahauci ne ko yau a ci nama. Kuna so ya zauna a yankinku ku ci la'ada.

Tsohon Dillali:
Yaro, kai da ba ka taɓa biyan haya a Abuja ba, me ka sani a kai? Wanda ya san gidajen ai shi ne zai faɗa.

Hajiyar Rikkos:
Ku bari a amsa masa. Ɗinki akwai shi, amma kuɗin hannu bai kai na Abuja ba, kuma teloli sun yi yawa. Ta tare wata biyu kafin azumi don ta kama kasuwar Sallah, ta riƙe kwastomominta na Kubwa ta waya, tana aiko da kaya ta tasha. Yara kuma a bari zango ya ƙare, a karɓo sakamako da takardar canjin makaranta.

Mai Lissafi:
Tunda an taɓo dillalai, a gaya mana dalilin kuɗin gani. Mutum ya biya 5,000 ko 10,000 don kawai a nuna masa gida, a kai shi wanda an riga an bayar, gobe a ce ya sake biya. Kuma kuɗin lauya kashi 10, alhali takarda ce guda ake ta yi wa hoto ana canza suna.

Tsohon Dillali:
Kuɗin gani na mai ne da katin waya. Mutum goma za ka zagaya da su, ɗaya ne zai kama. Wanda ba ya so ya biya ya bi ta masu gadi da masu shagon unguwa, su ma sai ya ba su na goro.

Lauya Ne:
Duk wanda aka karɓi kuɗin lauya a hannunsa ya nemi sunan lauyan da hatiminsa a kan takardar. Kuɗin koshin kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za a mayar, a ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga.

Maman Biyu:
Wa aka taɓa mayar wa? Ku kawo min mutum ɗaya a Kubwa da ya tashi aka ba shi kuɗin koshin ɗinsa cikakke.