Haskell: timeout ya ƙi tsayar min da zaren aiki

Abba_Kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shiri da na rubuta da Haskell, harshen rubuta manhaja, da ke ɗauko farashin kaya daga wata saba, kowace buƙata da nata zaren aikin (thread, aikin da ke gudana tare da sauran) ta `forkIO`. Don kada tangarɗa (exception) guda ta rushe komai, na naɗe aikin cikin `catch` mai kama `SomeException`, ya rubuta abin da ya faru sannan ya sake gwadawa. Na kuma sa `timeout 5000000`, wato daƙiƙa 5. To in sabar ta yi shiru, ba abin da ke tsayawa. Ko `killThread` na kira, sai zaren ya rubuta "thread killed" ya ci gaba abinsa. Wani ya ce in koma laburaren safe-exceptions. Me zai canja?

Malama_Hauwa:
Wa alaikumus salam Abba. Tangarɗa iri biyu ce a GHC, manhajar da ke fassara Haskell. Akwai wadda aikinka ya haifar da kansa, kamar fayil ya ɓace ko sadarwa ta yanke. Akwai kuma wadda ake jefo wa zare daga waje ta `throwTo`, kuma da ita `timeout` da `killThread` suke aiki. `SomeException` kuwa ba ya tambayar daga ina, duk haɗiye su yake yi. An aiko a ce wa zarenka ya tashi, kai kuma ka tare ɗan aiken a ƙofa.

Laburaren safe-exceptions, wanda Michael Snoyman ya fitar a 2016, yana duba nau'in tangarɗar. In tana ƙarƙashin `SomeAsyncException`, rukunin waɗanda ake jefowa daga waje, `catchAny` da `tryAny` sukan bar ta ta wuce. Canja shigo da `Control.Exception` zuwa `Control.Exception.Safe`, shi ke nan.

Dan_Maradi:
Gaskiyar Malama, amma kada ka ɗauka an gama. `bracket` na wannan laburaren yana gudanar da sharar ƙarshe, wato sakin abin da aka buɗe, ƙarƙashin `uninterruptibleMask`, mai tare tangarɗar waje. In ka sa abin da zai daɗe a wurin, misali rufe haɗi da sabar da ta mutu, babu mai iya katse shi. Sai ka taƙaita shi.

Na biyu, lalacin Haskell, wato ba ya lissafa abu sai an buƙace shi. `tryAny (return x)` ba zai kama komai ba in `x` bai lissafu ba tukuna, sai can gaba ya fashe. `tryAnyDeep` ne maganinsa, in nau'inka yana da `NFData`, mai ba da damar lissafa shi gaba ɗaya.

Ni dai `forkIO` ɗin nan ne bai kwanta min ba. Ɗauki laburaren async na Simon Marlow, `withAsync` ko `mapConcurrently` su kashe 'ya'yan zare in uwar zaren ta mutu.

Abba_Kod:
Na gode Malama, na gode Yaya. Na canja, yanzu `timeout` yana dawo da `Nothing`. Saura ɗaya: shirin nawa cikin `ReaderT` yake, wani rufi da ake ɗorawa kan `IO`, ba `IO` tsantsa ba. Yaya zan yi?

Malama_Hauwa:
To duba laburaren unliftio. Ɗabi'ar ɗaya ce a `UnliftIO.Exception`, ga async a ciki. `ReaderT` a kan `IO` zai shiga lafiya, `StateT` da `ExceptT` ne ba su da `MonadUnliftIO` ɗin da unliftio ke buƙata.