Na gama ƙwarewa a tiyatar ƙashi, ina zan je in koyi bincike?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Wata takwas ke nan da na ci jarrabawar ƙarshe ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ina aiki a nan Zariya. Hannu dai alhamdulillahi ya fara faɗawa. Bincike ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kundin da na rubuta don jarrabawar a kan karayar ƙwauri ne, irin wadda ƙashi ke fasa fata, kuma tsakani da Allah ban fahimci rabin lissafin da ke cikinsa ba. Wani yaro na ba wa alƙaluman, ya kwana biyu ya dawo mini da jadawali, na manna. Ranar kare kundin, wani dattijo cikin masu jarrabawa ya sauke tabarau ya ce, "Dakta, ta yaya ka san mutum 64 sun isa?" Ɗakin da sanyin na'ura, amma sai da gumi ya jiƙa mini riga.

Na biyu, majinyata ba sa dawowa. Akwai wani ɗan acaba da aka kwaso daga Kwangila, muka wanke raunin, muka kafa masa ƙarfen waje, wato ƙarfen da ke riƙe ƙashi daga wajen fata, aiki ya yi kyau. Bayan mako shida na kira lambar da ke katinsa, sai mai shagon cajin waya a Giwa ya ɗauka, ya ce ai 'yan'uwansa sun cire ƙarfen sun kai shi wurin mai ɗori. Har yau ban san ko ƙafar ta haɗe ko ta ruɓe ba.

To ina jin ana ta zancen horo a ƙasashen waje. Wanne ne zai koya mini bincike na gaske? Ina da iyali da yara biyu, ba zan iya ɓacewa shekara huɗu ba.

Baban Iklima:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, barka da fitowa. Fara raba abu biyu da matasa ke cuɗawa. Kwas ɗin AO, ƙungiyar likitocin gyaran karaya da aka kafa a Suwizalan a 1958, har da babban taronsu na Davos, koyon hannu ne: yadda za ka ɗaura faranti da ƙusa. Haka yawancin guraben wata uku da za ka je ka tsaya bayan wani farfesa kana leƙe ta kafaɗarsa. Suna da amfani, ni ma na je, na dawo da hotuna masu kyau. Amma ba su za su amsa maka tambayar dattijon nan ba.

In bincike kake so, duba inda likitocin ƙashi ke gudanar da gwaji a kan majinyata. Jami'ar McMaster da ke Kanada ta yi suna a wannan fanni. Su suka jagoranci gwajin FLOW da ya fito a 2015. Tambayar kuwa ko ma'aikacin jinya zai iya yin ta: in ƙashi ya fasa fata, da ruwan sabulu ya fi a wanke ko da ruwan gishiri zalla, kuma da wane ƙarfin feshi? Sama da mutum 2,400 aka bi har shekara guda. Sai ga shi waɗanda aka wanke da sabulu sun fi komawa tiyata, kusan kashi 15 cikin ɗari, na ruwan gishiri kuma wajen kashi 12. Feshi mai ƙarfi da injin mai tsada bai fi zubawa a hankali ba. Ka ga wannan sakamako kamar don mu aka yi shi, mu da ba mu da injin.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Tanzaniya. IGOT, cibiyar tiyatar ƙashi ta Jami'ar Kalifoniya a San Francisco, ta daɗe tana aiki da asibitin ƙashi na Muhimbili, suna horar da likitocin can kan tsara bincike. Tare suka gwada ƙusar cikin ɓargo da ƙarfen waje a irin karayar da ka yi kundinka a kai, aka buga a 2020. A ɗakin tiyatar Dar es Salaam aka yi aikin, likitocin ƙasar ne suka riƙe wuƙa.

Shawarata, kada ka tafi hannu rabbana. Wanda ya rubuta wa malami a waje ya ce "ina sha'awar bincike" ba a cika amsa masa ba. Wanda ya ce "ga karayar ƙwauri 100 da na bi wata shida, ga inda na maƙale," shi ake kira.

Likitar Tudun Wada:
Yallaɓai ya gama magana, sai dai in ƙara abin da na taɓa da hannuna. Ni ban je ko'ina ba. Digiri na biyu kan gwajin magunguna da hanyoyin jinya na yi daga nesa a makarantar lafiya ta Landan, LSHTM, da dare bayan yara sun yi barci, wani lokaci da fitilar waya. Akwai tsada, kuma canjin fam ba ya tausayin kowa, don haka a sa ido kan tallafin Commonwealth na masu karatu daga nesa. In kuma za ka iya shekara guda a Ingila, tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya na biyan komai, da sharaɗin ka yi aikin shekara biyu kafin nan, ka kuma dawo gida ka zauna shekara biyu bayan ka gama.

Kafin duk wannan, shiga shafin intanet na The Global Health Network ka yi kwas ɗin ƙa'idojin bincike a kan ɗan'adam, kyauta ne, a yini ɗaya za ka gama. Kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin yin bincike a kan mutane, ma zai nemi irin takardar shaidar kwas ɗin.

Batun ɗan acabanka, Dakta, wannan ba a Kanada za a warware maka shi ba. Ni lamba uku nake karɓa: ta majinyaci, ta wanda ya kawo shi, da ta mai unguwa ko limamin unguwarsu. Kuma a gabansu nake kira in ji ta yi ƙara. Ina shigar da komai a manhajar tara bayanai ta KoboToolbox a wayata, ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa. Wanda ya kasa zuwa saboda kuɗin mota, ɗansa ya turo mini bidiyonsa yana takawa a tsakar gida.

Abu ɗaya da na ƙone a kansa: na taɓa tara wa wasu baƙi bayanai wata tara, takarda ta fito, sunana yana can ƙasa a wurin godiya. Ku yi maganar jerin sunaye a rubuce tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Na Sabon Gari:
Ku dai faɗa masa gaskiya. Cikin 'yan ajinmu da suka tafi "horon shekara guda", nawa suka dawo? Oga, in za ka tafi ka tafi, ba sai ka fake da bincike ba.

Ɗan Samaru:
Haba Na Sabon Gari, da gudu nake nufi ai da ban tsaya tambayar lambar mai unguwa ba. Mahaifiyata na nan Ƙofar Doka, ina za ni?

Yallaɓai, Allah ya ƙara girma. Hajiya, na gode ƙwarai, na buɗe kwas ɗin yanzu haka. Tambaya ɗaya ta rage: in fara tara bayanan gobe, ko in jira kwamitin ɗa'a?

Baban Iklima:
Jira takardarsu. Duk abin da ka tara ba izini, mujallar kirki ba za ta karɓa ba. Rubuta tsarin a shafi biyu, tambaya ɗaya tak, ka turo mini kafin Juma'a. Kuma wannan karon da kanka za ka lissafa mutum nawa ake buƙata, ina zaune ina kallonka.