Ƙara wa saba wuri ta hanyar LVM: abin da ƴan'uwa a Maradi suka gani

Daga mai kula da kwamfutocin wata makaranta a unguwar Zariya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Sabar da muke ajiye bayanan ɗalibai a kanta tana aiki da Ubuntu, kuma umarnin df -h, mai nuna yawan wurin da ya rage, yana nuna cewa wurin ya kusa cika, alhali faifan da ke cikinta na terabait 1 ne. Shugabanmu ya ce a aika Kano a sayo wani, amma kafin a kashe kuɗi ina so in ji yadda waɗanda suka taɓa shiga wannan hali suka fita.

Daga wani mai gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada a aika kowa tukuna. Idan aka bar Ubuntu ta tsara faifai da kanta lokacin girkawa da LVM, wato tsarin da ke tara wurin faifai a rukuni ɗaya ya riƙa yanka shi kaso-kaso, kuma faifan ya wuce gigabait 200, gigabait 100 kaɗai take ba kason da ake kira ubuntu-lv, sauran ya zauna a rukunin ubuntu-vg kamar hatsi a rumbu, ba a auna wa kowa ba. Haka na tarar a wani ofishi da aka kira ni. Na buga vgs, na duba abin da ke ƙarƙashin VFree, wato wurin da ya rage a rukunin, sannan na buga lvextend -r -L +200G /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv, aikin ya kammala ba tare da an kashe sabar ba. Wannan -r ɗin shi ke faɗaɗa tsarin fayil tare da kason. Idan babu shi, sai an bi da resize2fs kafin df ya nuna canji. A ganina bai kamata a zuba duka da +100%FREE ba, domin ƙarawa tana da sauƙi, ragewa kuwa tana da haɗari.

Daga wata malama mai kula da sabobi a kan Proxmox, manhajar da ke tafiyar da injuna da yawa a cikin inji ɗaya: Ina goyon bayan maganar mai gyaran kwamfuta, musamman ga mai tsarin fayil na XFS, wanda kamfanin Red Hat ya mayar da shi zaɓin farko tun fitowa ta 7 ta Linux ɗinsa a 2014, domin shi ana faɗaɗa shi da xfs_growfs amma ba a rage shi. Namu faifan na inji ne da ke cikin inji, saboda haka bayan na ƙara girmansa a Proxmox sai da na bi da growpart, sannan pvresize, kafin LVM ta ga sabon wurin.

Daga wani tsohon ma'aikacin sadarwa, Ali Ɗan Sofo: Ƴaƴana, abin da nake tsoro shi ne ranar da rumbun ya ƙare da gaske, aka kawo faifai na biyu aka haɗa shi da pvcreate da vgextend. Umarni biyu ne, shi ya sa mutane ke raina su. Na gaji wata saba da aka shimfiɗa kaso ɗaya a kan faifai biyu, ɗayan tsoho ne da aka ciro daga kwamfutar ofis, kuma a zafin watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, tsohon ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi. Da ya mutu, da abin da ke kan lafiyayyen ma ya shiga matsala, tunda tsarin fayil ɗaya ne ya ratsa su duka. Allah ya taimaka bai gama lalacewa ba, na saka sabo, na kwashe bayanan da pvmove sabar tana aiki, na fitar da shi da vgreduce. Tun daga nan ba na haɗa faifai a rukuni sai da RAID 1 a ƙasa, wato faifai biyu masu ɗauke da bayanai iri ɗaya, da kwafi a wani wuri dabam, da na'urar riƙe wuta mai batir lafiyayye.

Daga wani ɗalibin jami'a: Baba, mun gode. Malam na makaranta kuma ya duba girman /var/log da umarnin du tukuna, domin a sabar da muke gwaji bayanan journald, mai rubuta abin da ke faruwa a sabar, ne suka taru, journalctl --vacuum-size=500M ya dawo mana da wurin.