Wa ya taɓa kwashe man yis da gawayi ko audugar rimi?

Ɗaliba, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Furojet ɗina a kan man da jan yis ɗin nan, Rhodotorula, ke tarawa ne. Na rene shi ya yi jajir, na zuba garin gawayi don ya kama man, amma da na wanke gawayin da hekzen, ruwan sinadarin da ke narkar da mai, kusan ba man da ya fito. Don Allah duk wanda ya gwada ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamin kimiyya, Daura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Man yana cikin ƙwayar yis ɗin, bango ya rufe shi, gawayi kuwa abin da ke yawo a ruwa kawai yake kamawa. Ni sai da na tace yis ɗin, na busar, na niƙa shi da yashi mai tsabta a turmin lab, sannan mai ya fito. Kuma ki rage masa sinadarin naitirojin a abincinsa ki bar sukari da yawa, a lokacin ne yake tara mai. Sai man ya haura kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinsa ake kiransa mai maiƙo. Ba kamar yis ba, wata gansakuka mai suna Botryococcus ce ke fitar da yawancin man nata waje.

Ma'aikacin lab, Batagarawa: Malam ya faɗi gaskiya. Amma ni gawayi bai burge ni ba sam, in ya riƙe mai ba ya son saki, hekzen ɗinki zai ƙare a banza. Audugar rimi na fi yarda da ita. Zarenta rami ne a ciki, ga kakin da ke bayansa, shi ya sa ba ta shan ruwa. Na ɗora ta a kan ruwan niƙaƙƙen yis ɗin a cikin kwalba, tana yawo a sama, ina kallo ta rine ta yi ruwan goro. Na tura ta cikin sirinji na matse, man ya ɗigo. Ana iya sake amfani da ita, sai dai in ta cure ƙarfinta na raguwa.

Wata, Ƙofar Marusa: Ni garin katako na gwada, ya sha ruwa ya nutse da man. Kuma kada ki girgiza da ƙarfi bayan niƙa, nawa man ya haɗe da ruwa kamar kindirmo, ya ƙi rabuwa.

Ɗaliba: Allah Ya saka da alheri. Yaya na Batagarawa, audugar ana wanke ta tukuna?

Ma'aikacin lab: A'a, cire 'ya'yan kawai ki busar. Sabulu zai tafi da kakin.