Tsohon soja mai tsoron gwamnati: butulci ne ko jiki magayi?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Ni mai gyaran waya ne a Garwa ta arewacin Kamaru, kuma idan ciniki ya lafa bayan azahar nakan saurari hirarraki a intanet da ɗan Turancin da na tsinta. Kwanakin baya na ci karo da wani Ba'amurke, tsohon soja, wanda ya ce sau biyu ana tura shi Iraƙi, amma yanzu gwamnatin ƙasarsa ta fi ba shi tsoro a kan mutanen da aka aike shi ya yaƙa. Yana kiran kansa ɗan libatariyan. Abin da na fahimta daga maganarsa shi ne a maido da sojojin Amurka gida daga duk inda suke, a rage haraji, a kuma ɗaure hannun hukuma ta yadda ba za ta leƙa wayar mutum ko ta tsare shi ba sai da izinin alƙali.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutumin da ya sa kaki, ya sara wa tuta, ya ci albashin gwamnati shekara da shekaru, zai dawo yana irin wannan magana. Mu nan mun ga lokacin da aka turo sojojin Amurka kimanin 300 zuwa Garwa a ƙarshen 2015 da jiragensu marasa matuƙa, kuma mutane da dama sun yi murna saboda halin da ake ciki da Boko Haram. Ba don hira kawai nake tambaya ba. Ƙanena ya dage sai ya shiga soja, mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a ɗakinmu, kuma mahaifiyarmu ta ce abin da na yanke shi za a bi.

Malamin Tarihi, Marwa, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan Garwa, wannan ra'ayi ya daɗe a Amurka, kuma 'yan mazan jiya suna da yawa a cikin masu riƙo da shi. Tushensa shi ne cewa mutum ne ke da iko da kansa da guminsa, gwamnati kuwa mai gadi ce da aka ɗauka don ta tsare rai da dukiya, saboda haka duk abin da ta ƙara wa kanta bayan wannan sai an tuhume ta. Yaƙi ya fi komai tsone musu ido, domin a lokacinsa ne gwamnati take samun uzurin ƙara haraji, da cin bashi, da ɓoye takardu da sunan sirrin tsaro, kuma idan ƙura ta lafa ba kasafai take mayar da ikon da ta ara ba.

Hujjojinsu ba na shaci-faɗi ba ne. Tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon shelanta yaƙi, amma rabon da majalisar ta yi wannan shela a hukumance tun 1942, alhali bayan nan an yi Koriya, an yi Biyetnam inda sojojinsu kimanin 58,000 suka mutu, an yi Afganistan daga 2001 zuwa 2021. A 2003 an shiga Iraƙi da zargin cewa Saddam Husaini yana ɓoye makaman ƙare dangi, aka duba sama da ƙasa ba a same su ba. A 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya tona cewa hukumar leƙen asiri tana tattara bayanan wayoyin miliyoyin Amurkawa da sunan dokokin da aka yi bayan harin 11 ga Satumban 2001. Kusa da mu kuma, lokacin da aka kashe sojojin Amurka huɗu a Tongo Tongo ta Nijar a Oktoban 2017, wasu sanatoci sun fito sun ce ba su ma san yawan sojojinsu da ke ƙasar ba.

Game da tsofaffin sojoji, akwai Janar Smedley Butler, wanda ya sami lambar jarumta mafi girma ta ƙasar har sau biyu, ya yi yaƙi a Haiti da Nikaraguwa, sannan bayan ya tuɓe kaki ya riƙa faɗa a fili cewa bankuna da manyan kamfanoni ya yi wa aikin ƙarfi. Shugaba Eisenhower, wanda shi ma janar ne ko da yake ba ɗan wannan aƙida ba ne, ya yi gargaɗi a jawabinsa na ban kwana a 1961 game da ƙawancen sojoji da masu ƙera makamai. Sai Ron Paul, likitan da ya yi aiki a rundunar sojan sama, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Libatariyan a 1988, kuma ya ƙi kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisa a 2002. Ni dai ba na bin su har ƙarshen hanya, domin da yawansu suna son gwamnati ta janye hannu daga makarantu da asibitoci, ni kuwa na san abin da zai sami yaran ajina idan aka ce kowa tasa ta fisshe shi.

Tsohon Saje, Njamena, ya rubuta:

Ɗana, Malam ya ba ka na littafi, bari in ba ka na ƙafa. Na yi shekara talatin cif ina ɗauke da bindiga, kuma ban taɓa jin wannan kalma ta libatariyan ba sai yau, amma maganar wancan Ba'amurken ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Ina kurtu aka kai ni arewacin Chadi a 1987, shekarar da muka kori sojojin Libiya daga Fada da Wadi Dum a cikin motocin Toyota. Wannan yaƙi babu wanda ya tsaya yi mana bayaninsa, domin baƙo ne ya shigo gida da tankoki, kowa ya san dalilin da ya sa yake kwana a rami. Duk da haka yankin Awuzu na iyakarmu da Libiya, da aka yi ta zubar da jini a kansa, kotun duniya ce ta yanke hukuncinsa a 1994, Libiya ta kwashe sojojinta ba tare da an harba harsashi ɗaya ba. Na sha tunanin wannan idan barci ya ƙi zuwa.

Mali ce ta canza ni. A farkon 2013 aka tura mu, mu kimanin 2,000, muka ratsa Nijar muka kai Kidal, daga nan muka shiga duwatsun Ifogas. Dutsen wurin kaifi gare shi kamar aska, da rana kuma yana zafi har tafin takalmi ya ɓare, sai mutum ya ɗaure shi da igiyar tanti ya ci gaba da hawa. Ranar 22 ga Fabrairu mun rasa mutum sama da ashirin a wuni ɗaya. A cikinsu akwai wani yaro da ke ƙarƙashina, wanda kwana biyu kafin nan, muna raba ruwan gora ɗaya, ya tambaye ni ko har yanzu a Nijar muke. Da muka dawo ni na kai wa mahaifiyarsa agogonsa da wayarsa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta tambaye ni me mutanen can suka yi mana. Na buɗe baki in ce ta'addanci, sai na ga kalmar ba za ta shiga wannan tsakar gidan ba, na yi shiru.

Ka kuma duba asalin abin. Jiragen ƙawancen NATO ne suka ragargaza Libiya a 2011, rumbunan makaman Gaddafi suka buɗe, makaman suka gangaro arewacin Mali, sannan aka ce mu je mu kashe wutar. Waɗanda suka kunna ta suna can gidajensu. Shugabanni sun sha yabo a manyan biranen duniya, mu muka sha dutse, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan shekara goma, a 2023, hukumomin Mali suka ce rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fice, yaranmu suka bar Tesalit da Agelhok da Kidal kamar ba a taɓa binne kowa a can ba.

Da na aje aiki, wata goma sha ɗaya na yi ina safa da marwa zuwa wani ofishi a kan takardun fanshona. Wata rana wani akawu da bai kai ɗana na biyu ba ya dube ni, ina tsaye a gabansa da sandata, ya ce in je in kawo takardar shaidar cewa ina raye. Saboda haka, ɗana, kada ka kira mutumin nan butulu. Wanda ya ga yadda hukuma take da sauri wajen tura mutum, da yadda take da nawa wajen tuna shi, ba zai sake ba ta amana ido rufe ba.

Hajiya Mai Atamfa, Kuseri, ta rubuta:

Baba Saje, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya saka muku da alheri. Amma ku yi mini haƙuri in faɗi inda na tsaya. Wancan Ba'amurken yana maganarsa ne yana zaune a ƙasar da idan ya buga waya 'yan sanda za su zo, idan aka zalunce shi akwai kotun da zai je. Mu da muke bin hanyar Marwa zuwa Kuseri mun san ranakun da rashin hukuma ya fi zaluncin hukuma ciwo. Na tuna 2014, lokacin da ake sace mutane a wajejen Waza da Kolofata, mota ba ta tashi sai da rakiya, kayana suka yi wata biyu a Mora ban iya zuwa ɗauko su ba. A Janairun 2015 da sojojin Chadi suka ƙetaro gadar Ngeli suka nufi Fotokol da ke iyakar Najeriya don yaƙar Boko Haram, ina cikin matan da suka tsaya bakin titi suna guɗa. A wajenku wannan ma yaƙin ƙetare ne, tun da ba ƙasarku ba ce. Da kun ce babu ruwanku, ina za mu sa kanmu? Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma a watan Yunin shekarar bama-bamai sun tashi a Njamena kanta.

Inda na yarda da ku shi ne shingayen hanya. An kafa su ne don tsaro, mun yi na'am, amma yau masu kaya suke tarewa, kuma a kowanne sai an miƙa na goro kafin a ɗaga igiya. Kuɗin nan a kan turmin atamfa nake ɗora shi, amaryar ƙauye ce take biya.

Malamin Tarihi, Marwa, ya rubuta:

Hajiya, maganar shingen nan ita ce ainihin abin da mutanen suke nufi. Ga wani misalin da ya fi shi nauyi. A Disamban 2014 Kamaru ta yi dokar yaƙi da ta'addanci wadda ta ba kotunan soja damar shari'ar farar hula. A Yulin 2015 aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a nan Marwa, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017, kafin a sassauta hukuncin a sake shi a ƙarshen shekarar. Dokar da muka yi maraba da ita don tsoron masu ɗaure bam a jiki, ɗan jaridar da ke kawo mana labari da harshenmu ta cafke.

Tsohon Saje, Njamena, ya rubuta:

Hajiya, ban musa miki ba, kuma da za a sake kira na Fotokol, da sandata zan tafi. Tsakanin Njamena da Kuseri kogi ne kawai, kasuwarmu ɗaya, surukanmu suna can. Ifogas kuwa tafiyar kwanaki ce, kuma babu wanda ya tambayi iyayen yaran nan kafin a ɗauke su. Shi kansa marigayi shugabanmu Idris Deby, bayan Boko Haram ta kashe mana sojoji kusan 100 a Bohoma ta yankin tafkin Chadi a Maris na 2020, ya ce sojan Chadi ba zai sake fita yaƙi wajen iyaka ba, amma shekara ba ta cika ba aka sanar da tura wasu 1,200 zuwa inda iyakokin Mali da Nijar da Burkina Faso suka haɗu. Abin da nake nema shi ne a kawo irin wannan shawara gaban majalisa a fili, a faɗi dalili, a faɗi ranar dawowa, a kuma faɗi abin da za a ba uwar wanda bai dawo ba.

Game da ƙanenka, ɗana, ba zan ce ka hana shi ba, domin yaron da aka hana yakan tafi ba sallama, kuma yankinku yana buƙatar masu tsaro na kirki. Ka zaunar da shi, ka karanta masa abin da na rubuta game da agogon nan, ka bar shi ya kwana da shi. Idan ya tashi yana nan kan bakansa, to ya nemi ɓangaren da zai koyi sana'a, ko kanikanci ko tuƙi ko aikin jinya, saboda ranar da zai tuɓe kaki. Ya tabbata an rubuta sunan mahaifiyarku daidai a takardar magada, harafi da harafi kamar yadda yake a katin shaidarta, kuma kowace takarda aka ba shi tun daga ranar farko ya yi mata kwafi biyu, ɗaya ta zauna a wajenka.